Shekara bakwai da kamfanin da ke riƙe mana ma'aikata: abin da ya gyara, abin da ya ɓata, da dalilin da ya sa muka sabunta yarjejeniya

Ni ne manajan gudanarwa a wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke da rumbun ajiya a unguwar masana'antu ta Sharaɗa a Kano, kuma tun 2019 muka miƙa sha'anin mafi yawan ma'aikatanmu ga wani kamfani na waje, wanda shi ne ke ɗaukarsu aiki, yake biyansu albashi, yake riƙe da fayil ɗin kowa, yake kuma biyan haraji da fansho a madadinsu. Direbobi da 'yan dako da masu gadi da masu shara da 'yan matan da ke kan rasit duk a littafinsa suke, ko da yake a harabarmu suke wuni, kuma mu ne muke ba su umarni kullum. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma har yau muna tare. Abokan aiki da dama a Bompai da Challawa sun sha tambayata ko irin wannan hulɗa tana ɗorewa, don haka na ga ya dace in rubuta abin da na gani da idona.

Abin da ya kai mu gare su da farko shi ne gajiya. Kafin 2019 akawunmu ɗaya ne ke lissafin albashi a kwamfutarsa, kuma duk ƙarshen wata sai an yi jayayya a kan kuɗin ƙarin lokaci, sai an sami wanda aka manta da sunansa, sai an sami direban da ya bar aiki watanni biyu amma albashinsa na ci gaba da fita. A shekarar ce kuma aka sanya hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 30,000, wadda ta shafi duk mai ma'aikata 25 zuwa sama, sai muka fahimci cewa ba mu da wanda zai iya bin diddigin dokokin ƙwadago yadda ya kamata. Kamfanoni uku suka kawo mana tayi. Wanda muka zaɓa ba shi ne mafi araha ba, amma shi kaɗai ne ya ajiye mana lasisinsa na ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a kan tebur ba tare da mun tambaya ba, tare da takardun shaida daga hukumar fansho ta PenCom da asusun NSITF na biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, da asusun ITF na horas da ma'aikata. Araha ba ta ado, kuma a wannan zaɓin ban taɓa yin nadama ba.

Wajen tantance mutum kafin a ɗauke shi, aikinsu yana da kyau ƙwarai, kuma bai ja baya ba a tsawon shekarun nan. Ba sa tsayawa kan lambar NIN da hoton fasfo kawai. Jami'insu yakan hau babur ya je har unguwar mai neman aikin, ya ga gidan, ya gana da mutanen da suka tsaya masa, wani lokaci ya leƙa wurin mai unguwa. Direba kuwa sai an duba ingancin lasisinsa, an kuma zauna gefensa ya tuƙa mota mai kaya kafin a turo mana shi. Kowane sabon ma'aikaci yana samun takardar sharuɗɗan aiki a makonsa na farko, alhali Dokar Ƙwadago ta ba mai ɗaukar aiki har wata uku ya bayar da ita. Albashi kuma yana shiga a ranar da aka yi alkawari, kuma idan Sallah ta faɗo kusa da ƙarshen wata sukan kira ni tun da sauran mako biyu su tambaya ko za mu turo kuɗi da wuri, domin mutane su yi cefane da ɗinkin yara cikin natsuwa. A lokacin kullen korona na 2020 da lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ba su ba mu kunya ba. A na biyun, ma'aikata na da kuɗi a banki amma ba su da na hawa adaidaita sahu, sai muka riƙa ba su tsaba daga cinikin rumbu, kamfanin kuma yana cirewa a lissafin ƙarshen wata, kuma ko kwabo bai ɓace ba.

Inda na fi ganin amfaninsu shi ne ranar da wani ɗan dako ya karye. Ana sauke buhunan sukari daga tirela sai jerin ya zame, buhu ya danne masa ƙafa, kuma kafin in iso daga ofis 'yan uwansa sun fara maganar kai shi wurin mai ɗori. Jami'ar da ke kula da mu a lokacin, wata mata mai natsuwa da kowa ke kira Hajiya, ta iso cikin rabin sa'a. Ta durƙusa kusa da shi ta ce, “Malam, yi haƙuri, bari a fara ɗaukar hoton ƙafar a asibiti, in ya so duk abin da za a yi sai a yi shi da sani.” Aka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala. Abin da ban sani ba a ranar, ita kuwa ta sani, shi ne cewa Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya kai rahoton haɗari ga NSITF cikin kwana 7, kuma kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da ake biya a asusun an tanade shi ne domin irin wannan rana. Ita ta cike takardun, ita ta tattara rasit ɗin asibiti, ita ta riƙa bibiya har aka kammala, kuma albashinsa bai tsaya ba a duk watannin da ya yi a kwance. Da mu kaɗai ne, da mun tara masa gudummawa a ambulan mun ɗauka mun sauke nauyi.

To amma akwai abin da ya kusa raba mu, kuma shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. A 2022 wani dattijon direbanmu, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya tsaya a ƙofar ofishina bayan la'asar, hularsa a hannu, ya ce, “Ranka ya daɗe, in ba damuwa a duba mini wannan.” Ya miƙo mini wayarsa. Saƙonnin kamfanin da ke riƙe masa fansho ne, kuma na ƙarshe da ya nuna an zuba masa kuɗi ya kai wata biyar. A takardar albashinsa kuwa, kowane wata an rubuta an cire masa kasonsa. Na ce, “Baba, zauna,” na kira wasu ma'aikata huɗu na duba wayoyinsu, sai na tarar labarin ɗaya ne. Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ba ta bar wurin shakka ba: ma'aikaci na ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, mai ɗaukar aiki na ba da aƙalla kashi 10, kuma dole a tura kuɗin cikin ranakun aiki 7 bayan biyan albashi, in ba haka ba akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da aka riƙe ba a kowane wata. Mu kuma kowane wata muna biyan kamfanin wannan kuɗi a cikin takardar cajinsu. A daren nan ban yi barcin kirki ba, domin mutumin nan ya kusa ajiye aiki, kuma wannan asusun ne kawai abin da yake hange.

Washegari na kira shugaban reshensu na Kano cikin fushi, kuma na riga na ƙudurta cewa hulɗarmu ta ƙare. Ya zo da fayil, ya saurare ni har na gama, sannan ya buɗe ya nuna mini ranakun da kuɗinmu ya riƙa shiga asusunsu. A watanni da dama mun makara da mako biyu, wani lokaci uku, saboda dillalanmu ma suna riƙe mana kuɗi. Domin kada albashi ya makara, sai su biya daga aljihunsu, su ɗage fansho da nufin cikewa idan kuɗinmu ya iso, kuma da gibin ya taru sai ya fi ƙarfinsu. Ruwa ba ya tsami banza, kuma dole na amince cewa hannunmu na cikin wannan ɓarnar. Sai dai na faɗa masa, kuma har yau ban canza ra'ayi ba, cewa makararmu ba ta ba su ikon taɓa kuɗin da aka cire daga gumin talaka ba, kuma babban laifinsu shi ne shirun da suka yi. Da sun kira ni a watan farko sun ce ga halin da ake ciki, da na shiga ofishin mai kamfani na fito da kuɗin a ranar. Sun zaɓi su rufa mana asiri a gaban ma'aikata, su kuma rufa wa kansu asiri a gabanmu, wanda ya ɗauki nauyin wannan rufin asirin kuwa shi ne direban da ba a tambaye shi ba.

Sun biya bashin gaba ɗaya cikin mako shida, kuma wannan ne ya sa na janye maganar rabuwa. Amma daga ranar muka canza tsari. Yanzu muna tura kuɗin albashi kwana biyar kafin ranar biya, kuma an rubuta a yarjejeniya cewa idan mun makara mu ne za mu ɗauki tarar da ta biyo baya. Su kuma ba a biyansu ladan aikinsu na wata sai sun kawo shaidar cewa fanshon watan da ya gabata ya shiga, da rasit ɗin harajin albashi daga hukumar tattara haraji ta jihar Kano, wanda doka ta ce a biya kafin ranar 10 ga wata mai bi. Ban da wannan, kowane wata nakan zaɓi ma'aikata uku ba tare da sanarwa ba in roƙe su su nuna mini saƙon fanshonsu, domin jadawalin da aka buga a ofis yana iya faɗin komai, wayar ma'aikaci kuwa abin da ya shiga kawai take nunawa. Na yi tsammanin wannan zai ɓata musu rai, sai na ga akasin haka. Tunda kowane ɓangare ya san abin da za a duba, zargi ya ragu, kuma zamanmu ya fi na da daɗi. Shekaru ukun farko da na yi ban taɓa neman rasit ba, ina kiran abin yarda, amma a gaskiya sakaci ne, kuma ba banza ba Hausawa suka ce sabo turken wawa.

A wannan binciken ne kuma na gano wani abu da ya kamata duk mai hulɗa da irin waɗannan kamfanoni ya lura da shi. Ana lissafin fansho ne a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri a mafi ƙaranci, don haka idan aka ƙanƙanta waɗannan ukun aka zuba sauran kuɗin a wasu alawus masu sunaye daban-daban, abin da ke shiga asusun ma'aikaci yana raguwa, alhali jimillar albashinsa ba ta canza ba. Haka aka tsara namu tun farko, kuma da na tambaya sai aka ce ai yana rage mana kashe kuɗi. Mun gyara shi, kuma gyaran ya ƙara mana nauyi, amma na fi son wannan nauyin. Haka nan na nemi ganin takardar inshorar rai ta rukuni, wadda dokar fanshon ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara na ma'aikaci, na kuma tarar tana nan da ranta, an sabunta ta a kan lokaci.

Matsala ta biyu, wadda har yanzu ba a warware ba, ita ce yawan canza jami'in da ke kula da mu. Bayan Hajiya ta sami wani aiki ta tafi, an turo mana mutum uku cikin shekara biyu. Kowanne sai ya fara daga tushe: bai san cewa rumbu na rufewa lokacin sallar Juma'a ba, bai san muna sauya lokutan aiki da azumi domin 'yan dako su gama sauke kaya kafin rana ta take ba, bai san wane direba ne ke jinyar mahaifiyarsa ba. Ɗaya daga cikinsu ba ya jin Hausa, kuma ko da yake yaro ne mai ladabi da ƙwazo, ma'aikata suka daina kai masa kuka, suka dawo suna tare ni a bakin mota. Hedikwatar kamfanin a Legas take, kuma takardun gargaɗi da na hutu duk da Turanci suke zuwa, ana miƙa wa mai gadi ya dangwala hannu a kan abin da bai karanta ba. Na nace sai da aka fara karanta wa mutum takarda da Hausa a gaban shaida kafin ya sa hannu, aka kuma sa a yarjejeniya cewa jami'inmu dole ya ji Hausa, kuma idan za a canza shi sai sun yi wata guda tare da magajinsa. Sharaɗin farko suna cika shi, na biyun kuwa sau ɗaya suka cika.

Maganar kuɗi ta taso da ƙarfi bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, sannan ta sake tasowa a Yulin 2024 da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. A lokacin ladansu kaso ne na jimillar albashi, ga harajin VAT na kashi 7.5 a kansa, don haka duk lokacin da muka ƙara wa ma'aikata kuɗi nasu ladan na hawa da kansa, alhali yawan mutanen da suke kula da su bai ƙaru ba. Na kawo wannan a teburi, su kuma suka kawo tsadar dizal da haya da albashin nasu ma'aikatan, kuma gaskiya suka faɗa. Muka tsaya a kan ƙayyadadden kuɗi a kan kowane ma'aikaci, wanda za a riƙa dubawa sau ɗaya a shekara. Ban matse su har ƙarshe ba, ko da yake ina da damar yin haka, domin na riga na ga inda kamfanin da aka matse yake zuwa ya cike gibinsa. Tunda dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, mun rubuta tun yanzu yadda za a raba nauyin ƙari na gaba. Da sabuwar dokar haraji ta fara aiki a Janairun 2026, wadda ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara, sun gyara lissafinsu tun albashin watan farko, suka kuma zo rumbu suka yi wa ma'aikata bayani, kuma wannan ya burge ni.

Akwai wani tunani da nake ganin shi ne ke kashe irin wannan hulɗa tun kafin ta yi nisa, wato mai kamfani ya ɗauka cewa tunda sunan ma'aikaci na littafin wani, to hakkinsa ma ya koma wuyan wani. Ko a shari'a wannan ba tabbas ba ne, domin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano, takan duba wanda a zahiri yake ba da umarni yake kuma cin moriyar aikin, kuma tana iya ɗaukar kamfanonin biyu a matsayin masu ɗaukar aiki tare. A wurina ma maganar ta wuce kotu. Mutumin da ya shekara biyar yana ɗaukar buhunanmu a kansa namu ne, ko wane tambari ne a katin shaidarsa. A yarjejeniyar farko akwai sharaɗin da ya hana mu mayar da ma'aikacinsu namu na dindindin sai mun biya kuɗi mai yawa, kuma wannan ya sa mutanen kirki suka daɗe a matsayin 'yan kwantiragi ba tare da hanyar ci gaba ba. Mun yi ta ja har suka yarda cewa duk wanda ya cika shekara uku muna iya ɗaukarsa ba tare da biyan komai ba. Sun yi asarar wasu daga cikin mafi nagartar mutanensu ta wannan hanya, amma sun ce mini da bakinsu masu neman aiki yanzu sun fi son a turo su wurinmu.

Na kuma sa an rubuta yadda za a rabu idan ranar ta zo, duk da ba na fatan ta. Fayil ɗin kowane ma'aikaci, da tarihin albashinsa da hutunsa da lambar fanshonsa, za a miƙa mana cikin kwana 30, kuma ba za su yi amfani da bayanan mutanenmu a wata hidima ba, abin da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta tanada. Shugaban reshen ya yi mamakin yadda muke tsara rabuwa a ranar da muke sabunta zama, sai na ce masa ina so mu zauna tare ne domin aikin yana kyau, ba domin takardunmu na hannunsu ba.

Ga mai tambaya ko ya ɗauki irin wannan kamfani, amsata ita ce idan ma'aikatansa sun kai yawan da lissafinsu ya fi ƙarfin akawu ɗaya, kuma yana da wanda zai ware kwana ɗaya ko biyu a wata ya zauna ya duba rasit ya kuma saurari ma'aikata, to zai amfana sosai, kuma wannan kamfanin da muke tare da shi zan iya tura masa shi ba tare da fargaba ba. Wanda ke neman ya rage kuɗi ne kawai, ko ya sami wurin ɓuya daga hakkin mutane, ba zai ji daɗinsu ba, su ma ba za su ji daɗinsa ba. Mun sabunta yarjejeniyar na shekara biyu, muna kuma zama duk bayan wata uku, mu da su da wakilai biyu da ma'aikata suka zaɓa da kansu. A zaman da ke tafe abu biyu ne a takardata: maganar miƙa aiki tsakanin jami'ansu da har yanzu ba su daidaita ba, da kuma asibitin da aka haɗa masu gadinmu na dare da shi a inshorar lafiya, wanda ya yi wa unguwanninsu nisa har wasunsu sun gwammace su sayi magani a kemis. Tsohon direban nan ya ajiye aiki bara, takardunsa sun fita ba tare da gibin wata ko ɗaya ba, kuma ɗansa ne yanzu ke jan motar da ke kai kaya Haɗeja.